Ƙafar Dodon Gishiri

"Ajiye rikodar nan, Mista Varga, kafin ta kai ka ƙasa."

Bai ajiye ba. Yana tsaye jikin motata, ya rungume tsohuwar rikodarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana jan 'yar tukunyar iskar da asibiti suka haɗo shi da ita, robarta ta zagayo ta kunnuwansa ta shige hanci. Kwanansa uku da sallama. Likita ya ce ya kwanta, ko bakin titi kada ya leƙa, sai ga shi da hantsi ya ci kwat ɗinsa ruwan toka har da hula, kamar mai zuwa neman aure.

"Oxnard za ki kai ni, Misis Whitlock."

"Oxnard! Me ka ajiye a Oxnard? Ko can ka sayi kabarin?"

"Mutum zan gani."

"Mutanen unguwarmu ta Van Nuys sun ƙare ne?"

"In ba za ki kai ni ba, sai in hau bas."

Na dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ba ya iya zuwa banɗaki sai ya huta a hanya, wai shi ne zai hau bas. Ni Odessa Whitlock shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta, na san idon yaron da ke barazana, na kuma san idon wanda zai aikata. Na karɓe rikodar na sa a kujerar baya, na ce ya shiga kafin in canja shawara.

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka da Emmet Varga, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ina jin tarinsa, yana jin faɗan da nake yi da rediyo. Ɗan fim ne, in har za a kira shi haka. Shi ne sojan da ake fara harbewa, shi ne mai gadin da ake bugewa ta baya, shi ne ɗan sandan da ke cewa "Ta nan, yallaɓai" a ɗauke kyamara. Na sha ce masa in mutum ya sunkuya ɗaukar gugguru a silima, to ya rasa shi ke nan sai wani fim. Da aikin ya ja baya sai ya koma wata mujalla mai suna Bayan Wata, ta masu son labaran taurari da jiragen sararin sama da dodanni. Aikinsa shi ne ya nemo tsofaffin da suka yi irin waɗannan finafinan a da, waɗanda duniya ta manta da su, ya zaunar da su ya ɗauki maganarsu a kaset. Ya tattauna da mutum sama da ɗari huɗu. Akwai wata tsohuwa da ya bi sawunta shekara biyu, don kawai ita ce ta yi ihun da aka ji a wani fim.

Amma abin da aka san shi da shi guda ɗaya ne: Dodon Gishiri. Fim ne na 1957, wani abu mai jikin ɓawo ya fito daga busasshen tafki a hamada yana jan ƙafa ɗaya, yana bin mutane a hankali. Ba a ganin fuskar kowa, rigar roba ce tun daga kai har tafin ƙafa. A ƙarshen fim ɗin an rubuta: Dodo, Emmet Varga. Wannan jan ƙafar masoya ke mutuwa a kai. Na taɓa kai shi taronsu a Pasadena, na ga abin da ya fi ƙarfina. Manya-manyan maza da gemu sun yi layi da hoton dodon yana sa musu hannu, can wani ya yi ihu, "Yi mana tafiyar!" Ya tashi ya ja ƙafa taku biyar, ɗakin ya ɗauki tafi kamar zai tsage. Tabɗi! Na ce lallai Allah ɗaya, gari bamban.

Mun wuce Calabasas, ƙarar iskar nan tasa ta cika motar. Sai da muka fara gangara tudu ya yi magana, idonsa na kan titi.

"Ba ni ba ne a cikin rigar nan."

"Wace riga?"

"Rigar dodon."

Na ɗauka magani ne ke masa magana. Na ce, "Ka sha na safe biyu ko?"

"Ɗaya na sha. Ki saurare ni. A jikina aka auna ta, wannan gaskiya ne. Sun kwantar da ni, sun lulluɓe ni da farar ƙasa har yatsun ƙafa, a kan wannan suka zuba robar. Ranar farko a hamada, rana ba ta kai tsaka ba na sume a cikinta. Da ƙyar aka zaro ni. Darakta ya waiga ya waiga, ya ga mai tuƙa motar ruwa tsawonmu ɗaya. Rufino Agbayani. Sati uku shi ya sa rigar, ni ina kwance a masauki ana min fifita."

"To me ya hana a rubuta sunansa?"

"Ba shi da katin ƙungiyar 'yan wasa. In aka sa sunan wanda ba shi da kati, ƙungiya za ta tsayar da fim ɗin. Ni ke da kati."

"Wannan laifinsu ne. Naka fa?"

"Nawa shekara arba'in ne."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," na ce. Ban tausaya masa ba a lokacin, ba zan ɓoye ba. Haushi ne ya cika ni, don ni ma na yi tafi a Pasadena. "Kai da ka tono tsohuwa mai ihu daga gidan tsofaffi, shi ne ka kasa nemo mutum ɗaya?"

"Shekara goma sha ɗaya adireshinsa na cikin littafina."

"Kai, Mista Varga. Kai!"

"Gordon, editanmu, ya ji halin da nake ciki. Yana shirya min shafin girmamawa, hoton dodon da sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ranar Juma'a zai rufe shafuka ya kai wurin bugu. Yau Talata. In na bari wannan ta fita, ta gaba ba za ta same ni ba, kuma daga nan babu sauran mai faɗa. Ina so hirar Rufino ta shiga wurin."

"In ya kore ka fa?"

"Sai ki dawo da ni."

Gidan ƙarami ne mai shuɗin fenti, a wani layi da ke bayan gonaki. Zogalen da ke gefensa ya fi rufin tsayi, garafuni kuma ya naɗe shingen waya. Wata mata ce ta buɗe ƙofa, za ta kai arba'in, hannunta duk kumfar wanke-wanke. Emmet ya cire hula ya faɗi sunansa. Na ga fuskarta ta canja tun bai rufe baki ba.

"Varga," ta ce. "Na san sunan nan tun ina aji uku."

"Wurin mahaifinki na zo."

"Ka zo ka ƙara masa me? Ni ce Perla, 'yarsa. Ka san kowace shekara ana nuna fim ɗin nan a talabijin ranar Asabar? Tatang, wato babanmu, ya tara mu ya ce, 'Ku duba, ni ne wancan.' Yayana Danilo ya je makaranta ya faɗa, aka yi masa dariya, ya fasa wa wani yaro hanci. Malamin ya ɗauko littafi ya buɗe a gaban aji ya nuna sunanka. Daga ranar Danilo bai ƙara zama kallon ba. In Tatang ya fara labarin sai mu haɗa ido. Inang, mahaifiyarmu, har ta koma ga Allah tana cewa, 'Babanku mutumin kirki ne, sai dai cika baki.'"

Emmet bai kare kansa ba. Ya tsaya da hula a hannu, numfashinsa na fita da ƙyar. Ni ce na yi magana.

"'Yar nan, duk abin da kika faɗa ya cancanci ninkinsa. Amma mutumin nan in ya ƙara minti biyar a tsaye, a ƙofarku zai faɗi, ni kuma bayana ba ya ɗaukar kaya. Ki ba shi kujera, sai ki ci gaba da zaginsa a zaune."

Ta dube ni, ta dubi tukunyar iskar, ta kauce daga ƙofa.

Tsohon yana bayan gida a inuwa, yana zage ganyen zogale a roba. Ƙato ne har yanzu, kansa fari fat, hannuwansa kamar faranti.

"Manong Rufino," in ji Emmet, wato Yaya Rufino a yarensu tsohon.

Tsohon ya ɗago ya daɗe yana dubansa. "Mai suma," ya ce. "Ashe kana raye."

"Da saura kaɗan."

"Na ga alama. Zauna, kada ka sume min a kan miya."

Emmet ya zauna, ya faɗi abin da ya kawo shi. Rufino bai daina zage ganye ba.

"Me zan faɗa? Na faɗa shekara ashirin, a gidana ma ba a yarda ba. Na daina, bakina ya huta. Ka koma gida ka mutu cikin kwanciyar hankali, ban riƙe ka da komai ba."

Da zagi ya yi, da an san inda za a kama. Mutumin da ya ce bai riƙe ka ba, me za ka roƙe shi? Na ɗauka tafiyar ta tashi a banza, har na fara laluben makullin mota.

Emmet ya miƙo hannu na ba shi rikodar. Ya ɗora ta a kan wani bokiti da aka kife, ya danna, ya juya kujerarsa. Ba Rufino ya fuskanta ba, Perla ya fuskanta, tana tsaye bakin ƙofar kicin ta harɗe hannuwa. Ya faɗi kwanan wata, ya faɗi sunansa, sannan ya ce, yana hutawa tsakanin kalma da kalma:

"Ban yi cikakken yini ɗaya a rigar Dodon Gishiri ba. Duk inda aka ga dodon nan yana tafiya a fim ɗin, Rufino Agbayani ne. Na san haka tun 1957. Na sa hannu a hotunansa, na karɓi tafinsa. Mahaifinki bai taɓa yi muku ƙarya ba. Ni na yi."

Kaset na ta juyawa. Perla ta sauke hannuwanta, ta kasa duban mahaifinta.

Rufino ya ture robar zogalen gefe. "To. Tun da abin ya zo nan, akwai abu ɗaya da ya daɗe yana cina. Tashi ka yi tafiyar."

"Manong..."

"Tashi, na ce."

Na so in hana, amma Emmet ya riga ya dafa kafaɗata ya miƙe. Na riƙe masa tukunyar. Ya sunkuyar da kai, ya saki hannuwa, ya ja ƙafa taku uku.

"Kin gani!" Rufino ya buga cinya. "Perla, kin gani! Dama yake ja! Na gan ka a talabijin shekara goma da suka wuce kana wannan shirmen, saura kaɗan in fasa akwatin. Hagu ce, ɗan banza, hagu!"

Emmet ya tsaya baki buɗe, ya dubi ƙafafunsa kamar yau ya fara ganinsu. "A silima na koya," ya ce a hankali. "Ina zaune ina fuskantarsa. Gefen da na ga yana ja, nan nake ja."

"Kamar mai duba madubi! Shekara arba'in! Su kuma masu gemun nan da suka haddace fim ɗin, ba wanda ya lura?"

"Ko ɗaya."

Tsohon ya fashe da dariya har da hawaye. Emmet ma ya kama, dariyar ta zame masa tari, sai da na zaunar da shi ina bubbuga bayansa ina zaginsu su biyun. Da suka lafa, Rufino ya zare silifas ɗinsa na hagu ya ɗora ƙafar a kan kujera. Yatsu uku sun lanƙwashe sun hau juna, biyu babu farce.

"Ƙafarka ta 'yan mata ce, lamba bakwai. Ni goma sha ɗaya nake sawa. Ta dama robar ta tsage ta ba ni wuri, ta hagu ta ƙi. Ranar farko na ce a yanka min robar. Darakta ya ce a'a, gurguntar ta yi kyau, kada a taɓa. Kullum da yamma sai an zuba min ruwa a ciki kafin ƙafar ta fita, ruwan ya fito ja."

Perla ta matso. Duk rayuwarta tana ganin ƙafar nan. Daga baya ta gaya min mahaifiyarsu ta ce musu tayar mota ce ta taka shi, don kada su riƙa maimaita labarin dodon a waje. Ta durƙusa a kan siminti, ta riƙe ƙafar da hannu biyu.

"Tatang," ta ce. "Tatang, ka yafe mana."

"Ke, tashi, ƙafar ba wankakkiya ba ce." Amma ya ɗora hannu a kanta, ya bar shi a wurin. Ni kam zogale na yi ta kallo, don ba na son a ga hawayena a gidan mutane.

A ranar na fara ganin Emmet Varga yana aikinsa na gaskiya. Ashe ba ya yawan magana. Zai yi 'yar gajeriyar tambaya ya rufe bakinsa, ko shiru ya kai minti ɗaya ba zai cike shi ba. Bai tambayi yadda ake ji in an zama dodo ba. Cewa ya yi, "Me kuke ci da rana?" "Wa ke zuge maka rigar?" "Ta ina kake gani?" Rufino ya ce ba ya ganin komai sai ta bakin dodon, shi ma ƙasa kawai, don haka wata mai ɗinki ce ke ja masa layi da sanda a kan gishiri yana bi. Mutumin da ya ce bakinsa ya huta, sai da ya cinye kaset biyu gaba da baya. Perla ta dafa shinkafa da miyar zogale da kifi. Emmet ya sha cokali huɗu, abin da bai yi ba tun da ya dawo daga asibiti.

Laraba ya wayi gari ba ya iya ɗaga kai, balle ya zauna gaban tafireta. Ni ce na zauna. Da yatsa biyu nake bugawa, ina danna kaset ina tsayarwa, shi yana kwance yana min gyara kamar shi ya biya min kuɗin makaranta.

"Ba haka ya ce ba, Misis Whitlock. Maida baya."

"Ma'anar ai ɗaya ce."

"Maganarsa ce, ba taki ba. Yadda ya faɗa za a rubuta."

"Har da ɗan banzan?"

"Musamman shi."

Kwana biyu muna wannan. Sau biyu ya sa na buga wa Perla waya ta karanto min sunansu harafi bayan harafi. Ranar Juma'a da safe Gordon Pell ya zo da furanni, wani mai tumbi da gemu, yaron kirki, tun yana saurayi yake bin Emmet. A tsaye ya karanta shafi goma sha huɗun nan. Da ya gama ya zauna a bakin gado, ya cire tabarau.

"Emmet, mutane na ƙaunarka. Ka san yadda suke, wasu ba za su yafe ba. Ka bari in yi maka shafinka yanzu, wannan in buga ta daga baya."

"Bayan na mutu? Sai a ce edita ne ya ƙirƙira don mujalla ta sayu, a ce tsoho ɗan Oxnard ya ga mamaci ba ya magana. A'a. Da sunana za ta fita, ina numfashi."

"Na riga na shirya shafukan."

Ni ina bakin ƙofa, na cika ta. Na ce, "Gordon, yatsun nan biyu sun kumbura. In takardun nan ba su bi ka ba, kai ma ba ka fita."

Ya yi murmushi, ya share ido da bayan hannu, ya sake duba shafi na shida. "Hagu," ya ce. "Na kalli fim ɗin nan ya fi sau sittin." Ya naɗe takardun ya sa a jaka.

Likita ya ba Emmet sati biyu. Taurin kai ya ba shi kwana ashirin da shida. Kullum da hantsi sai ya tambaye ni ko mai kawo wasiƙu ya zo, ni kuma in ce masa mutum bai taɓa mutuwa da jiran mujalla ba, kada ya fara. Ranar da ta iso, Perla ta kawo mahaifinta, da wani dogo mai furfura a gefen kai wanda ya tsaya can bakin ƙofa yana murza makullin mota. Danilo ne, daga Fresno ya tuƙo. Perla ta zauna kusa da gado ta karanta da ƙarfi tun daga farko. Hoton dodon na nan cike da shafi, a ƙasansa an rubuta Rufino Agbayani. Da ta zo wurin ƙafar, Danilo ya fita tsakar gida, muna jinsa yana fyace hanci. Emmet ya ce a ba shi mujallar. Bai iya karantawa ba, ya dai ɗora ta a ƙirji, barci ya ɗauke shi.

Bayan kwana biyu, wajen ƙarfe uku na rana, ina zaune ina ɓare masa lemo da na san ba zai sha ba, na ji numfashin ya yi tsawo, ya sake yin tsawo, daga nan bai dawo ba. Na rufe masa ido, na kashe tukunyar iskar. Ɗakin ya yi shirun da ban taɓa ji ba. Na yi kuka sosai, don ina son tsohon nan, duk da ban taɓa gaya masa ba, kuma da ya ji da ya ce magani na sha biyu.

Tsorona ɗaya shi ne jana'izar. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, danginsa masu gemun nan ne, ga shi ya gaya musu da bakinsa cewa shekara da shekaru yana yaudararsu. Gordon ya ce wasiƙu sun fara zuwa, biyu daga ciki ba sa karantuwa a gaban mace. Na jera kujera ashirin a ɗakin taron cocinmu, na dafa kaza ta mutum ashirin, ina addu'ar a cika ko rabi.

Mutum tamanin da wani abu suka zo. Wasu daga San Diego, wata mata tun daga Arizona. Tsofaffin da ya yi hira da su suka zo a keken guragu da sanduna, wani ya tashi ya ce tun da ya bar fim babu wanda ya tambaye shi komai sai Emmet. Kazar ko zagaye ɗaya ba ta yi ba, sai da na aiki Danilo ya sayo burodi da nama.

Rufino na zaune a can gefe cikin baƙar kwat da ta matse shi, faranti a cinya, bai san kowa ba. Na ga wani mai gemu yana zagayawa kusa da shi, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Can ya yi ta maza, ya zaro hoton dodon daga ambulan, irin waɗanda Emmet ya sa wa hannu da wannan ƙaton rubutun nasa.

"Mista Agbayani, ko za ka sa min hannu?"

Tsohon ya waiga bayansa, ya ga bango ne kawai. "Ni?"

"Kai, yallaɓai."

Ya goge hannu a wando ya karɓi hoton, yana juya shi. "A ina ake sawa?"

"Ko'ina. In kana so ma ka soke nasa."

Rufino ya dubi sunan Emmet. "A'a. Ya yi rabin yini a cikin rigar, kuma ranar an yi zafi. Bar masa."

Kafin in ankara wasu sun taso, kowa da ambulan ɗinsa a hannu. Ashe sun zo da su. Perla ta kwashe farantai daga wani tebur, ta jawo shi gaban mahaifinta, ta tsaya a gefensa tana cewa, "Ku bi layi, don Allah, Tatang ba ya son hayaniya." Ya cire murfin alƙalami da haƙori, ya sami ɗan fili a ƙarƙashin sunan Emmet, ya kwantar da kai ya fara rubuta nasa harafi ɗaya-ɗaya. Layin ya miƙe har bakin ƙofa, ba wanda ya ce ya yi sauri.